Akwatin da Ya Fi Keke

Mahaifina ba ya ƙarya, kuma gaskiyar nan ita ce kaɗai dukiyarsa da gara ba ta iya ci. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, jakinsa kuwa in ka gan shi sai ka yi masa sannu, amma a Matameye in aka yi rigimar iyakar gona shi ake kira. Sai ya je ya tsaya, ya dubi layin gamba, ya ce, "Daga wancan gawon ne zuwa tsohuwar rijiya," kowa ya kama bakinsa. Ba ya rantsuwa, ba a kuma taɓa neman ya rantse ba. Har daga Icirnawa an sha aiko masa da doki don ya je ya faɗi magana ɗaya ya dawo.

Kamar sauran mazan unguwarmu, da an zuba hatsi a rumbu sai ya nufi Kano cin rani. Gadi yake yi a ƙofar wani otal na wani Kwara a Sabon Gari. Dawowar ƴan cin rani kuwa a wurinmu ƙaramin hisabi ce. Kowane namiji ya shigo da ƙunshinsa, mata na leƙe ta ramukan darni, kafin ya sha ruwan maraba an gama auna shi an yanke masa daraja ta shekara guda. Wane ya kawo turamen atamfa, wane fitilar ƙwai, wane kuma bai kawo komai ba sai tari da kalmomin Ingilishi biyu.

A shekarar da nake ba da labari, Faransawa na nan daram, ni kuma ban wuce tallan ƙuli-ƙuli ba. An sa bikin Yaya, ƴar farin gidanmu, bayan girbi. Tun kafin Baba ya tafi Inna ta ja masa kunne: kwanuka masu fure da tasoshi, don jeren ɗakin amarya. Ya ce to. Sai ga shi ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da wani baƙin akwati a ka, yana tafe a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Inna ta hango nauyin akwatin ta yi guɗa, ta ɗauka kwanukan ne suka yi yawa har haka.

Da aka buɗe, sai ga jerin haƙora farare da baƙaƙe, a ƙarƙashinsu wasu ƴan maɓallai a layi. Ɗaya ɓangaren kuma fuska ce ta ƙyalle, wai ta nan murya ke fita. Ga wata doguwar igiya mai ƙahonnin ƙarfe a bakinta. Ko cokali ɗaya babu a ciki.

Baba ya yi bayani, fuskarsa cike da fara'a. Wai Kwaran ya sayo wani sabo, mai jerin haƙora biyu, girmansa ya kai gado. Sai ya kira Baba ya ce tunda ya yi shekaru a ƙofarsa ko allura ba ta ɓace ba, ya zaɓi ɗaya: tsohon kekensa ko tsohon akwatin kiɗa.

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Malam, keke fa ka ce?"

"Keke."

"Mai ƙafa biyu? Wanda ake hawa ya kai mutum inda za shi?"

"Shi."

"Ka dube shi, ka dubi wannan, ka ɗauko wannan."

"Ba ki ji kukansa ba ne," in ji Baba.

"To, Allah ya ƙara basira," Inna ta ce, ta koma kan tukunyarta. Daga ranar har ƙarshen rayuwarta, duk abin da ya lalace a gidanmu, ko tulu ne ya fashe, sai ta ce da keke ne da ba haka ba.

Washegari dattawa suka cika zaurenmu, don labari ya riga ya gama gari. A cikinsu akwai Alhajin unguwarmu ɗaya tilo, mai sayar da goro, wanda ya je Makka a ƙasa ya dawo da tabbacin cewa duk abin da bai gani a hanya ba, babu shi a duniya. Baba ya ajiye akwatin a kan tabarma ya ce a cikinsa akwai algaita, akwai goge, akwai sarewa. In ka danna haƙori ɗaya sai ya yi kuka, in ka juya maɓalli sai muryar ta sake. Murya ɗaya yake yi a lokaci guda, ba ya haɗa biyu.

"To ya fi wasunmu tarbiyya," in ji Alhaji. "Danna mu ji."

Baba ya danna. Haƙorin ya ce ƙyas, ya koma wurinsa. Ya danna wani, shi ma haka.

"Sai an ba shi kuran," Baba ya ce, ya ɗaga igiyar yana nuna musu ƙahonnin.

A lokacin, wutar da muka sani a Matameye ita ce ta murhu da ta fitila. Mahaifina ya ɗauko abin da ba ya cin komai sai kuran, wato wutar lantarki, ya ratso da shi iyaka, ya kawo shi garin da ko kumandan, Baturen mulki, in ya zo rangadi da fitilar kananzir yake kwana. Da aka tuna masa haka, sai ya ce, ba tare da ko ɗar ba, ai kuran zai zo.

Alhaji ya gyara zama. "Malam, a cikin nan akwai mutum mai busa?"

"Babu."

"Akwai izgar doki, irin ta goge?"

"Babu, Alhaji."

"To me ke kukan?"

"Wuta ce."

Alhaji ya juya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, a natse, don kowa ya sami rabonsa. "Kun ji. Wuta ke busa algaita."

Dariyar da aka yi har tantabarun maƙwabta sai da suka tashi. Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta zama ta kowa. In mai nono ta ce ba ta ƙara ruwa ba, sai a ce mata e, wuta ke busa algaita. In yaro ya ce akuya ce ta cinye tuwon, ita za a faɗa masa. Ni kaina an sha jefa mini ita a wurin talla, har na fasa wa wata yarinya baki a kanta, Inna ta zane ni, sannan ta ce da keke ne da ba haka ba.

Da farko Baba dariya yake yi tare da su. Abin ya daina zama wasa ne da damina ta yi tsakiya, aka kira shi rigimar wata gona a hanyar Kance. Ya je ya faɗi iyaka kamar yadda ya saba. Wanda maganar ba ta yi wa daɗi ba ya ce shi ba zai bar gadon ubansa a kan shaidar mai algaitar wuta ba. Mai unguwa ya sosa gemu, sannan ya ce a kawo Alƙur'ani. Mahaifina ya yi alwala a gaban mutanen da ya girme wa, ya dafa, ya rantse a kan abin da ya sani tun yana yaro. Ya dawo gida bai ci tuwo ba, ya zauna a bakin rumbu yana kallon ƙasa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Daga nan kuma ba a ƙara aiko masa ba, aka koma kiran wani tsoho da ba ya gani sosai amma bai taɓa zuwa Kano ba.

Akwatin ya koma ƙarƙashin gadon Inna, inda wata kaza ta gano amfaninsa kafin kowa, ta riƙa yin ƙwai a bayansa.

Girbi ya wuce, biki ya matso, kwanukan jere kuwa ba su taka kara sun karya ba. A wancan zamani ɗakin amarya shi ne fuskar uwarta. Mata kan je kafin a kai ta, su yaɓe bango da sabuwar laka, su liƙa tasoshi da ƴan farantai tun tana ɗanya, duk wadda ta shigo ganin ɗaki ta ƙirga da ido ta fita ta ba da rahoto. Inna ta dubi ƴan kwanukanta, ta dubi ƙarƙashin gado, ta ce tunda wannan ne ya cinye gurbin kwanuka, bari ta ga abin da ya haɗiye. Ta sa bakin wuƙa ta kwance bayansa.

A ciki akwai wasu ƴan kwalabe a tsaye, kowace ba ta fi babban yatsa ba sai kaɗan, kansu na ƙyalli kamar azurfa, cikinsu da wani saƙa na ƙarfe siriri. Gaskiya suna da kyau. Inna ta tuge su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cirar gyaɗa, ta ƙulle a gefen zane, ta mayar da murfin. Ba a ɓoye ta yi ba, ina tsaye, ƙanwarta ma na tsaye. Babu wadda ta ga wani abu a ciki, tunda haƙoran da Baba ke taƙama da su suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba.

A Dawce aka kai Yaya. Aka dasa ƴan kwalaben a bango saman gado, ƙafafunsu a cikin laka, kawunansu a waje, suka kewaye tasar tsakiya. In hasken ƙofa ya faɗa musu sai su riƙa walƙiya. Matan Dawce suka yi ta shigowa suna riƙe baki, wai kayan Kano ne, irin na matan Turawa. A ranar kaɗai na ji Inna ta ambaci akwatin ba ta haɗa da keke ba.

Baba bai tafi cin rani ba a shekarar. Ya ji labarin cewa Baturen kamfanin da ke sayen gyaɗa zai zo da gurup, injin da ke haifar da kuran, don fitilarsa da rediyonsa. Da aka buɗe awon gyaɗa kuwa sai ga shi, yana ta ƙugi a bayan rumfar awo. Mai kula da shi wani makaniki ne Badamagare, mai yawan tsaki. Baba ya yi ta sintiri wurinsa da goro da ƴan zabi har makanikin ya gaji ya ce a kawo abin ran kasuwa bayan la'asar.

Mahaifina ya bi gida gida yana gayyata, kamar mai suna. Ya sa babbar rigarsa ta Salla. Rabin gari ya taru, Alhaji a gaba an shimfiɗa masa buzu. Makaniki ya duba wani ɗan maɓalli a gindin akwatin, ya yi tsaki, ya juya shi, ya soka igiyar. Baba ya yi bisimilla ya danna.

Ƙyas.

Ya danna na kusa da shi, ya bi su duka har ƙarshe, farare da baƙaƙe. Gurup na ta ƙugi, akwati ko tari. Makaniki ya ture shi gefe, ya kwance bayan, ya leƙa, ya ɗago.

"Kai Malam, ina lamp ɗinsa? Ƴan kwalaben ciki. An kwashe masa hanji kaf, ka ce ya yi kuka?"

"Da kuran ne babu," in ji Alhaji yana naɗe buzunsa. "Yau kwalabe ne babu. In an samo kwalaben, Malam, ka duba ko gishiri ne bai ji ba."

Baba ya ɗauko akwatinsa a ka, ya ratsa cikin dariya, ya dawo gida. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya tsaya a tsakar gida ya ce ko akwai wanda ya buɗe bayan abin nan.

"Ni ce," in ji Inna, tana tankaɗe. "Suna Dawce, a bangon ɗiyarka."

"A bango?"

"To kwalba a cikin duhun akwati wa take yi wa ado? Na ce ka kawo kwanuka, ka kawo mini haƙora. Na ɗebi abin da zan iya ɗiba."

"Su ne muryarsa."

"Ai ba ka faɗa ba. Kullum haƙora kake nuna wa mutane."

Nan fa aka tsaya cirko-cirko. Abin da aka riga aka liƙa a ɗakin amarya ba a ciro shi, sai in auren ne ya mutu aka zo kwashe kaya. Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta je ta tona bangon ƴarta matan Dawce na kallo ba. Baba kuwa, Yaya ƴar farinsa ce, ko sunanta ba ya faɗa, in ta shigo ta nan sai ya fita ta can. Gidan surukai kuma ba wurin da dattijo ke zuwa ba gaira ba dalili ba ne, balle ya je roƙon abin da ya bayar. Ya kwana biyu yana juya abin, ranar ta uku ya ɗaura wa jakinsa akumari. Inna ta bi shi da kallo har ƙofa, ta ce da keke ne da yanzu ya kai.

Yaya ce ta ba ni labarin abin da ya faru a can, daga baya. Baba ya zauna a zaure da uban mijinta, suka gaisa, suka sake gaisawa, suka tambayi gero da dawa da lafiyar awaki, kowa na kallon tabarma. Sai da rana ta karkata sannan Baba ya iya buɗe baki ya ce akwai wasu ƴan kwalabe. Mijin Yaya, wanda kunya ta hana shi ko leƙo zauren, shi ya sa wuƙa ya ƙwaƙule su, ya aiko da su a cikin ƙoƙo. Aka bar bangon da ramuka kamar bakin tsohuwa. Yaya ta yi kuka har idonta ya kumbura, Dawce kuma ta sami abin tauna na wata guda: mutanen Matameye masu ba da kaya da dama su karɓe da hagu.

Baba ya dawo ya zauna a inuwar rumbu da tsinke da gashin kaza, yana cire busasshiyar laka daga ƙafafun kowace kwalba, yana hurawa. Ban taɓa ganin ya lallaɓa ɗayanmu haka ba.

Awon gyaɗa ya kusa tashi lokacin da makaniki ya yarda a sake gwadawa. Wannan karon Baba bai gayyaci kowa ba, rigar gona ce ma a jikinsa. Duk da haka mutane sun zo, don ba a raina dariyar kyauta, Alhaji kuma ya riga kowa. Makaniki ya yi ta jujjuya kwalaben yana gwada kowace a raminta, yana tsaki, har suka zauna. Ya soka igiya. Baba ya danna, shiru. Wani ya fara tashi yana kaɗe riga.

"Ku dakata mana," in ji makaniki. "Sai sun yi zafi. Ku ma ba kwa magana da safe sai kun sha koko."

Na leƙa ta bayan akwatin, sai na ga cikin kwalaben ya fara ja kamar garwashi. Can sai wani gunji ya taso daga fuskar ƙyallen, a hankali, sannan murya ta fito a ƙarƙashin yatsan Baba. Siririya ce, ta hanci, kamar algaita mai mura, amma algaita ce, kuma ba ta tsayawa shan iska. Yara suka watse da gudu. Wata mai fura ta yi salati. Baba ya juya maɓalli, muryar ta fara rawa irin ta goge. Ya juya wani, ta koma sarewar makiyayi. Yatsansa ɗaya ne a kan haƙori ɗaya.

A nan na gane bai iya kaɗa shi ba, ko kusa. Ashe duk shekarun nan daga bakin ƙofa yake jin sa, ta taga, yana riƙe da sandar gadi. Bai taɓa danna shi da kuran a jikinsa ba sai ranar. Abin da ya ji ne ya so mutanen garinsu su ji, shi ya sa ya bar keke.

Alhaji ya saurara, kansa a karkace, har Baba ya ɗaga yatsa.

"Mai algaitan Kance ya fi wannan nesa ba kusa ba," ya ce. "Shi ko kuran ba ya nema, tuwo kawai."

"Ban ce ya fi shi ba, Alhaji," in ji Baba. "Cewa na yi yana kuka."

Alhaji ya ɓantari goro, ya tauna, ya daɗe yana taunawa.

"Haka ka ce," ya ce. "Kuma ya yi."

Baba ya sunkuya kamar mai gyara igiya, ya share fuska da hannun riga. Bai sake kai akwatin wurin gurup ba, ko da aka dawo awo a shekarun da suka biyo baya. Da damina ta zagayo aka yi rigimar wata fadama, sai ga ɗan aike a ƙofarmu. Wani mai karambani ya taho da Alƙur'ani a naɗe, Alhaji ya ce masa ya mayar da shi inda ya ɗauko, ba a zo da baƙo ba.

Kuran ɗin da ya ce zai zo ya zo, bayan Baba ya daɗe a ƙasa. Ko a nan bai yi ƙarya ba, kuran ɗin ne ya makara. Kwanan baya wani jikana ya nuna mini hoton irin akwatin a wayarsa, ya ce su ne kakannin fiyanon da ake cika mana kunne da shi a gidajen biki, mai yin kowace murya ba mabushi ba makaɗi. Wai a Turai yanzu a gidan tarihi ake ajiye su, a bayan gilashi, mutane na zuwa kallo. Na ce masa su ma ashe jere suka yi da su, Inna ta riga su da daɗewa.

Da aurena ya zo, kwanuka sun samu, don Baba ya koma Kano ya kawo su har da ƙari. Ana gobe za a je yaɓen ɗakina, sai ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya kori kazar, ya sa wuƙa ya kwance bayan da kansa. Ya tuge ƴan kwalaben a hankali, ya raba su biyu a kan tabarma, ya tura wa Inna.

"Rabi na wannan," ya ce, ya nuna ni da haɓa. "Rabi kuma a kai Dawce, a toshe wa waccan ramukanta."

Inna ta dube shi. "Akwatin fa, Malam? Ka ce su ne muryarsa."

"Ya riga ya faɗi abin da zai faɗa."

Inna ta ƙulle su a gefen zanenta. Na jira in ji maganar keke, ba ta yi ba.